Shin Ko Kun San? Tagulla da Zinariya, Daga Takedda Zuwa Gadar Gaya

 Yau ƙarƙashin ƙasa muka nufa. Ƙarafa biyu muke nema: tagulla, wadda wasu ke kira jan ƙarfe, da zinariya, sarauniyar kayan lefe. A manyan mahaƙun duniya sau da yawa rami ɗaya ake haƙo su, cikin dutse ɗaya! Mu kuma mutanen wannan yanki, daga Gaya zuwa Agadas, daga Yawuri zuwa Anka, mun daɗe muna cuɗanya da su fiye da yadda kuke zato. Ku biyo ni.

Zamanin da tagulla ce kuɗin cefane

Shin ko kun san a ƙasar Nijar ta yau an taɓa zuwa kasuwa da sandunan tagulla maimakon kuɗi? A 1353 shahararren matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a garin Takedda, yamma da duwatsun Azbin. Ya tarar ana tono tagulla a bayan gari, a kawo gida a narka, a zuba ta sanduna. Tsawon kowace sanda taƙi ɗaya da rabi.

Sandunan iri biyu ne. Da sirara ake sayen nama da itacen girki. Da masu kauri ake sayen gero, da alkama, da man shanu, har da bayi a wancan zamani. Canji fa? Miskalin zinariya ɗaya, wato gram huɗu da 'yan kai, daidai yake da sanda 400 masu kauri, ko 600 zuwa 700 sirara. Ku ƙiyasta nauyin aljihun attajirin garin!

Ku ji wani abin. Ruwan garin ma, in ji shi, ya sauya launi da ɗanɗano saboda ta kan tagulla yake biyowa.

Ina ake kai tagullar? Borno, tafiyar kwana 40. Sai kuma wata ƙasa da masana suka ce Gobir ce. Wannan na cikin wurare na farko-farko da aka ambaci wata ƙasar Hausa a rubuce. Ashe cinikin tagulla ne ya fara shigar da Gobirawa littafi!

Shehu Al-Maghili ma, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai da ya yada zango a Takedda ya karantar.

Yau kufai ne. Masu binciken kayan tarihi sun ce shi ne wurin da ake kira Azelik. To, kun san abin da aka zo aka haƙa a Azelik ɗin a wannan ƙarni? Yuraniyom! Kamfanin haɗin gwiwar Nijar da Sin ne ya buɗe mahaƙar. Ƙasa ɗaya, arziki biyu, tsakaninsu shekara sama da 600.

Kayan da aka binne ba a dawo ba

Shin ko kun san wani ayari ya binne kayansa a tsakiyar Sahara, bai sake waiwayo ba? A 1964 Bafaranshen masani Théodore Monod ya tono su a wani wuri da ake kira Ma'den Ijafen, cikin Muritaniya. Sandunan farar tagulla 2,085, a ɗaure dami-dami. Nauyinsu ya kusa tan ɗaya. Ga kuma tarin wuri a gefe. Ɗaruruwan shekaru suna kwance cikin rairayi, masu su shiru!

A kudancin Nijeriya kuwa, mundayen tagulla aka riƙa kashewa a kasuwa har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da Turawan mulki suka tashi janye su a 1948 zuwa 1949, sama da miliyan 30 suka tattara. Miliyan 30!

Fatake sun san Gaya tun kafin kwalta

Shin ko kun san Gaya tsohuwar mashiga ce ta ayarin Gwanja? A da, fatake sukan taso daga Kano, Katsina ko Sakkwato, su biyo ta Jega, su ƙetare kogi a Gaya ko Illo. Daga nan sai Kandi, sai Jugu, har Salaga. Su tafi da kanwa, da tufafin rini, da fatu. Su dawo da goro. Can ƙasan mangala kuwa, wani lokaci akan samu ɗan ƙullin garin zinariyar Asante. Madugu ya sani, jaki bai sani ba!

Gaya ɗin ma tana da nata arzikin ƙasa. Gishirin Fogha! Tun kaka da kakanni ake tace ƙasar kwarin Fogha, a dafa ruwan, gishiri ya fito, a kai kasuwannin Dendi da Kabi da Bargu.

Samira: rami ɗaya tilo

Yanzu mu zo zamaninmu. Shin ko kun san sai a Oktoban 2004 Nijar ta samu mahaƙar zinariya ta zamani ta farko? Sunanta Samira. Tana jihar Tillaberi, yankin Liptako, kimanin kilomita 100 yamma da Yamai, dab da iyakar Burkina Faso. Shugaba Tandja Mamadou ne ya buɗe ta.

Su wa suka mallake ta da farko? Kamfanoni biyu na Kanada, Etruscan da Semafo, kowanne kashi 40 cikin 100. Gwamnatin Nijar kashi 20. Sunan kamfanin da ke aikin SML.

Daga nan ta yi ta sauya hannu. A 2013 Semafo ya sayar da kasonsa ga SOPAMIN, kamfanin ma'adinai na gwamnati. A 2019 kamfanin McKinel na Ostareliya ya karɓi kashi 80. A Agustan 2025 gwamnati ta mayar da ita mallakar ƙasa ɗungurungum.

To, nawa take fitarwa? Ku riƙe numfashi. A 2023, kilo 177. Kun san jarkar nan mai lita 25 da ake zuba fetur a Gaya da Kamba? Da za a narka zinariyar shekarar gaba ɗaya a zuba ciki, ko rabi ba za ta kai ba! Lita tara ce da ɗan ɗigo. Dalili? Zinariya nauyi gare ta na ban mamaki: lita ɗaya kilo 19 da 'yan kai. Jarka cike kuwa ta haura kilo 480. Ƙarti biyar ma sai sun yi da gaske.

Ku leƙa ƙetaren iyaka. Mahaƙar Essakane ta Burkina Faso, wadda ta fara aiki a 2010, takan fitar da sama da tan 10 a shekara. Duwatsun kuwa dangi ɗaya ne da na Liptakon Nijar, irin waɗanda suka miƙe har Mali da Ghana. Dutse bai san iyaka ba!

Masu diga da shebur sun tsere wa injina

Shin ko kun san masu haƙar gargajiya sun ninka kamfanin sau goma da ɗoriya? A shekarar 2023 ɗin nan dai, abin da aka rubuta nasu ya kai tan 2.2. Wanda aka rubuta ke nan fa!

Koma Bangu ce uwa. Tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin fari da yunwa, manoma suka ajiye hauya suka faɗa ramuka a can.

Sai 2014, shekarar da Sahara ta rikice. A watan Afrilu labari ya ɓulla cewa an tsinci zinariya a Djado. Kan ka ce kwabo, dubban mutane sun cika hamada, daga Nijar, Chadi, Sudan da Libiya, kowa da na'urar gano ƙarfe a hannu. Bayan 'yan watanni sai ga Tchibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. Gari ya tsiro inda babu ko rijiya. Ruwan sha ya zama haja mai tsada. A 2017 gwamnati ta rufe Djado.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi. Mutum 18 aƙalla suka rasu. Allah Ya jiƙan su.

Ƙetaren Kamba

Ku tsallaka iyaka ta Kamba, kun shiga Jihar Kebbi. Shin ko kun san a Yulin 2020 aka kai wa Shugaba Muhammadu Buhari curin zinariya mai kilo 12.5, wadda masu haƙar gargajiya suka haƙo, Babban Bankin Nijeriya ya saye ta kan naira miliyan 268? Yankin Yawuri na cikin wuraren da wannan shiri na sayen zinariyar masu haƙar gargajiya ya fara.

Nijeriya duk girmanta, sai a 2021 ta samu babbar mahaƙar zinariya ta zamani, Segilola, a Jihar Osun. Nijar ta riga ta da shekara 17!

Ga kuma darasi mai ɗaci. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ashe dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma. Ƙurar ta shiga abinci, ta shiga jini. Yara 400 aƙalla suka rasu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da hukumomi su shawo kan abin. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, a ƙauyen Bagega da maƙwabtansa, aka zuba sabuwa. Ku gaya wa na kusa da ku: dutsen zinariya ba ya shiga turmin gida!

Inda suke kwana rami ɗaya

Shin ko kun san akwai mahaƙar tagulla da zinariya a haɗe nan Afirka ta Yamma? Guelb Moghrein ke nan, a Akjoujt ta Muritaniya, kimanin kilomita 250 daga Nuwakshot. Kamfanin First Quantum na Kanada ya fara fitar da kaya a 2006. Ruwan aikin ta bututu ake jawo shi, daga nisan sama da kilomita 100. Mutanen da kuwa sun haƙi tagulla a dutsen nan sama da shekara 2,000 da suka wuce!

Amma giwar ita ce Grasberg, a yankin Papua na Indunusiya. Tana cikin mafiya girma a duniya ta fuskar zinariya, ta fuskar tagulla ma haka. Tana can ƙololuwar duwatsu, sama da mita 4,000. Ƙasar zafi ce, amma ga ƙanƙara a maƙwabta!

Labarinta ma abin dariya ne. A 1936 wani Baholande mai suna Jean Jacques Dozy ya je hawan dutse, ya ga wani baƙin tsauni mai tagulla, ya rubuta rahoto. Yaƙi ya zo. Rahoton ya sha ƙura sama da shekara 20 ba wanda ya kula! Da kamfanin Freeport na Amurka ya fara aiki a can, sai a 1988 ya gano babban arzikin na nan kusa, shi ne Grasberg.

Yaya ake sauko da kayan? Ba mota. Damawa ake yi ya zama kunu, a tura ta bututu sama da kilomita 100 har bakin teku!

Sai Oyu Tolgoi, a hamadar Gobi ta Mongoliya. Ku lura da kyau, 'yan Nijar: ita ma ƙasa ce marar teku, mai faɗin hamada, mai makiyaya da raƙuma. An gano arzikin a 2001. Kayan farko bai fita ba sai 2013. Shekara 12 ana zuba kuɗi! Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A 2023 aka fara haƙa a can ƙasa, zurfin kilomita 1.3, bayan an kashe kimanin dala biliyan 7 a wannan ɓangare kaɗai. Burin shi ne tan 500,000 na tagulla a shekara. Sama da kashi 90 cikin 100 na ma'aikatan 'yan ƙasa ne.

Ramin Bingham na Amurka fa? Faɗinsa kilomita 4, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya. Tun 1906 ake yashe shi!

Dutse tan guda, ƙarfe ɗan mitsitsi

Shin ko kun san a yawancin manyan mahaƙu, tan ɗaya na dutse ba ya ba da kilo 10 na tagulla? Zinariya kuwa gram ɗaya ko biyu, wani wurin ma ba ta kai ba. Saura duk tarkace!

Shi ya sa motocinsu suka zama dodanni. Akwai mai ɗaukar tan 360 a sahu ɗaya. Tsayin tayarta mita 4. Direba da tsani yake hawa!

Aikin kuwa haka yake: a fasa dutse da nakiya. A niƙe shi ya zama gari. A dama da ruwa da sinadarai. A hura iska. Sai kumfa ta taso ɗauke da ma'adinin, tsakuwa ta nutse. Kumfa ce ke ɗaukar ƙarfe, jama'a!

Daga nan sai wuta. Tagulla na narkewa a zafin digiri 1,085, zinariya a 1,064. Sannan a tace tagullar da lantarki cikin manyan kwatamai har ta kai tsarkin kashi 99.99. Zinariyar da ke jikinta fa? Faɗawa take ƙasan kwatami, cikin laka. Lakar nan ita ce abin da aka fi tsaro a masana'antar!

Duk zinariyar da ɗan Adam ya taɓa haƙowa ta haura tan 200,000 kaɗan. A cure ta wuri ɗaya, tsawo, faɗi da tsayi kowanne mita 22 ne kacal. Tagulla kuwa, sama da tan miliyan 20 ake haƙowa duk shekara, Chile ce kan gaba, Kongo na biye.

Gram ɗaya na zinariya ana iya buge shi ya yi shimfiɗar mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Saboda laushin nan ne maƙeran farfaru ke sirka ta da tagulla ko azurfa. Sarƙa mai lamba 21, kashi 87.5 ne zinariya. Mai lamba 18, kashi 75. Hajiya, akwai yiwuwar tagulla na wuyanki!

A Oktoban 2025 farashin zinariya ya haura dala 4,000 kan kowane oza, wato gram 31. Ke nan gram ɗaya ya sayi tagulla fiye da kilo 10.

Amma kada ku raina tagulla. Motar fetur na cin kimanin kilo 20 zuwa 25. Mai lantarki kuwa wajen kilo 80. Sola, taransifoma, injin ban ruwa, firji, duk sai da ita.

Komai sai ya nemi hanya

Shin ko kun san babbar mahaƙa ba ta rayuwa sai da hanya? Injina su shigo, sinadarai su shigo, kaya su fita. Nan Gaya ta shigo zance. Daga gadar Gaya da Malanville zuwa tashar jiragen ruwan Kwatano, sama da kilomita 700 ne. Shekaru da dama gangunan yuraniyom na Arlit ta kan gadar nan suka riƙa wucewa.

Jirgin ƙasa daga Kwatano a Parakou ya tsaya. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai tsakanin 2014 da 2016 a Dosso ya tsaya. Gaya na tsakiya tana jiran su haɗu!

Bututun man Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, shi ma ta yankin Gaya ya ƙetare kogi zuwa tekun Benin. A 2024 aka yi lodin farko.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar. Gingimari suka yi layi, masu kwale-kwale suka samu kasuwa. Zinariya kuwa ko a jikinta. Ita ba ta jiran gada: a jaka take tafiya, ta hau jirgin sama, akasari zuwa Dubai.

Wa ke da kaso nawa?

Nan ake yin ta! A Oyu Tolgoi, gwamnatin Mongoliya na da kashi 34, kamfanin Rio Tinto 66. A Grasberg, Indunusiya ta biya dala biliyan 3.85 a 2018 ta riƙe kashi 51. A Kansanshi ta Zambiya, wata mai tagulla da zinariya, kason kamfanin gwamnati 20 ne, a ƙasar da tagulla ke kawo kusan kashi 70 na kuɗin kayan da take fitarwa.

Panama fa? Mahaƙar Cobre Panamá ta ci kimanin dala biliyan 10, tana ba da wajen kashi 5 na tattalin arzikin ƙasar. A 2023 jama'a suka fito kan titi, kotun ƙoli ta soke yarjejeniyar, aka rufe ta. Tirƙashi!

A Nijar, dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 na kuɗin da gwamnati ta samu daga ma'adinai na ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su ne. Kun taɓa tambayar magajin garinku labarin kashi 15 ɗin nan? Kada a bar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mahaƙar da ke ƙofar gidanku

Shin ko kun san lambar yabon Olamfik ta farko da Nijar ta samu ta tagulla ce? Ɗan dambe Issaka Daboré ya ciyo ta a Munich, 1972. Lambar zinariyar ma da ake kuri da ita, gram 6 kawai ake bukata a jikinta, saura azurfa ce!

A gasar Tokyo 2020, lambobi kusan 5,000 duk daga tsofaffin wayoyi da kayan lantarki aka ƙera su. Wayoyi sama da miliyan 6 aka tara. Zinariya kilo 32 aka tatso daga tarkacen gaba ɗaya.

Tagulla ba ta tsufa. A narka ta sau goma, tana nan yadda take. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wadda duniya ke amfani da ita, tsohuwa ce aka sake narkawa. Tan ɗaya na matattun wayoyin hannu kuma ya fi tan ɗaya na dutsen mahaƙa yawan zinariya, nesa ba kusa ba.

Saboda haka gobe idan ɗan gwangwan ya biyo layinku da baronsa yana neman tsohuwar fanka da mataccen janareto, ku gaishe shi da kyau. Mahaƙin tagulla ne, sai dai shi ba ya shiga rami. Kuma kafin ku miƙa masa kaya, ku ce a ɗora a sikeli!